Wani Mutum Ya Tashi Daga Hartum

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tattara nasu ba, lokacin da Gyadi-Gyadi take ƙauye a bayan gari, gonakin gero da gyaɗa sun kewaye mu, ina ƙaramin malamin elementare, ina shirin jarrabawar ƙarin girma. Lissafi ne ya tsaya mini a wuya. Mai koya mana da yamma wani mutumin kudu ne, Kirista, wanda ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa. Yana da wasu tambayoyi da yake ji da su, mu kuwa mun tsane su. Ba amsa yake nema ba. Zai ce ƙafar keke ta juya sau kaza cikin minti kaza, sai ya tambaya: abin da aka ba ka ya isa ka san gudun keken, ko bai isa ba? In ka yi zumbur ka hau ninkawa, sai ya dafa takardarka ya tambaye ka wa ya gaya maka girman ƙafar.

Don abin ya shiga kaina, na ɗaura jan tsumma a ƙafar kekena ta gaba, na auna zagayenta da igiya, na riƙa tura keken daga ƙofar gidanmu zuwa Tarauni ina ƙirga juyin tsumman. Ƙato da ni, da alƙalami a aljihu, ina tura lafiyayyen keke ina motsa baki. Matan bakin rijiya suka yanke hukunci cewa boko ya taɓa ni. Kuma kullum sai wani ya yi mini sallama a hanya, in amsa, ƙirgen ya zube, in koma farko.

Da mahaifiyata ta tambaye ni wannan wace irin wahala ce, na gyara zama na yi mata bayani da ɗan taƙama. Na ce daga juyin ƙafa ana sanin tsawon hanya, daga tsawon hanya da gudun abin hawa kuma ana sanin lokacin da matafiyi zai isa. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Yayana, ɗanta na fari, ya tafi Makka ta ƙasa shekaru da dama kafin nan, irin tafiyar da ake tsayawa gari-gari a yi ƙwadago a haɗa guzuri. Ya bar matarsa, 'yar Tarauni, a gidanmu. Da farko saƙo yana zuwa, daga baya ya ɗauke. A shekarar nan mahaifinta ya aiko cewa in aka gama girbi mijin bai dawo ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren, 'yarsa ta huta. Babu mai ganin laifinsa. Mahaifiyata kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa, in an ɗauko zancensa sai ta tashi ta je duba tukunyar da ba ta buƙatar dubawa.

Wata rana bayan la'asar ina goge keke, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam." Haka take kirana in tana son zolaya. "Wani mutum ne ya tashi daga Hartum a mota. Yaushe zai iso Kano?"

Na gane mutumin, ita ma ta san na gane. Na ce, "Inna, wannan bai isa ba. Sai an san nisan hanyar, da gudun motar, da ranar da ya taso."

Ashe aiki na ba ta. Duk inda ta ji wani alhaji ya sauka, daga unguwarmu har Unguwa Uku, sai ta yafa mayafi ta tafi barka da zuwa. Ba ta tambaya. Zama take cikin mata ta kasa kunne, ta tsinto abin da ya faɗi, ta kawo mini da yamma. Yau ta ce ga yawan kwanakin da mota take yi daga Hartum zuwa Fallomi, wani babban zango a kan hanyar Kano. Gobe ta ce in damina ta kankama motocin kafewa suke a laka, sai in ƙara wannan a ciki. Wata rana ta ce an ga mutumin nan a gonar auduga, har ya yi ƙiba. Akwai ranar da ta shigo da sauri, mayafinta yana jan ƙasa, ta ce mini ƙafar motocin hanyar ta kai ƙirjin mutum, tunda na ce girman ƙafa yana da amfani. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa.

Na yi duk lissafin da zai yiwu. Hanyar ta aunu, gudun ya aunu, har lakar na ba ta nata kwanakin. Abu ɗaya ne babu: duk wanda ya ce ya ga yayana, a zaune ya gan shi. Ba wanda ya gan shi da kaya a ka, fuskarsa tana kallon gida. Kullum amsata ɗaya ce, kullum ta ce to, ta tashi. Na gaji, wallahi na gaji. A aji a tambaye ni ko ya isa, a gida a tambaye ni. Har na fara daɗewa a majalisar abokina don kada in tarar da ita da sabon labari.

Da aka kai amfanin gona rumbu, mahaifin matar ya zo da kansa. Dattijo ne mai sanyin magana. Muka zauna a zaure, ya ce labari ya kai masa cewa na auna tafiyar da ilimina.

"Malam, in ka ba ni watan da zai iso, zan jira. Ni ma ba son rabuwar nake ba."

A cikin gida na ji matar yayana ta tsayar da daka. Na kuma san mahaifiyata tana tsaye a bayan ƙyaure. Na ce, "Baba, abin da muke da shi bai isa a faɗi wata ba. Ban ma sani ba ko ya taso."

Ya jinjina kai, ya sa mini albarka, ya saka takalmansa.

Bayan alƙali ya raba auren, mahaifiyata da hannunta ta wanke kwanonin yarinyar, ta ɗaure su a zane. Na ɗora kayan a keke, muka raka ta Tarauni a ƙafa. A can ta yi gaisuwa, ta yi godiya, ta nemi gafara a madadin gidanmu, idonta a bushe. Sai a hanyar dawowa, tana gaba ina biye da keken da ba komai a kansa, ta tsaya a tsakanin karan dawa da aka sare.

Ta ce, "Ban ce ka yi wa mutumin nan ƙarya ba. Yarinyar ta yi haƙuri, gara da ta tafi. Amma ni, da ka ba ni wata rana, kowace ce, in riƙa ƙirgawa."

Na ci gaba da tura keken. Muka ƙarasa gida.

Yayana bai dawo ba. Na ci jarrabawar, kuma na yi shekaru ina koyar da irin tambayoyin nan. Ɗalibai ba sa son amsar da ke cewa bayani bai isa ba, gani suke tarko ne ko gazawa. Nakan ce musu cikakkiyar amsa ce, kuma har yau a kan haka nake. Abin da na gaya wa dattijon nan daidai ne, ko yau aka sake tambayata haka zan faɗa. Na mahaifiyata ne har na tsufa ban warware ba.

Ba ta sake kawo mini lissafi ba. Zuwa barka da zuwan ne ba ta daina ba, har ƙafafunta suka gaza. In ta dawo ta ninke mayafinta, sai ta ce mini mutanen sun iso gida lafiya.