Ranar da Aka Musanya Muryar Yayana

Yayana kafinta ne, kuma tun yana saurayi ake ce masa Lasifika. Idan yana ciniki a bakin shagonsa, mai facin taya da ke can ƙarshen layi ya san abin da ake ciki. Bai iya raɗa ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce duk wanda ya faɗa masa sirri ya faɗa wa unguwa, ba don yana da tsegumi ba, maƙogwaron ne dai ba shi da birki.

Bai yi nisa a makaranta ba. Ya san lambobi, ya san awo, zai zana maka kabad a jikin katako da fensirin da ke bayan kunnensa kafin ka gama bayani. Amma a ce ya rubuta jimla guda, sai gumi ya keto masa. Abin bai taɓa damunsa ba, don mai baki irin nasa ba shi da bukatar biro.

Ciwo kuwa sai ya kama shi daidai inda yake taƙama. Muryar ta fara dishewa, ya ce ƙurar katako ce. Da muka matsa masa ya je asibiti, likita ya ce dole a yi aiki a wuya. Zai rayu, zai ci, zai riƙe guduma, amma magana ta ƙare. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tausaya masa, ta saka masa wata ƙaramar manhaja a wayarsa. Akwatuna ne jere, kowanne a sa masa hoto, mutum ya ɗauki muryarsa a ciki tun tana nan.

Makonnin da suka rage kafin aikin, Yaya bai yi su a kwance ba. A shago ya yi su, zaune a kan bencinsa, waya a baki. Ya ɗauki gaisuwar safe da ta yamma. Ya ɗauki “albarka” da “ƙara dai”, ya ɗauki “wannan katakon ba na wasa ba ne”. Ya ɗauki “jibi in Allah ya yarda”, wadda ita ce ƙaryar kowane kafinta. Ya kira matarsa yadda yake kiranta, ya kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya da sunan tsokanar da ya sa wa kowanne. Ni ma ina da akwatina, da hotona ina harara, a ciki yana cewa, “Ke dai ba ki rabo da faɗa.” Har dariyarsa ya ɗauka. Muryar ta dishe a lokacin, ana jin ƙarar zarto a bayanta, amma tasa ce.

Da haka ya ci gaba da rayuwa bayan an sallame shi. Wayar tana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, ƙasa kaɗan da ƙyallen da yake rufe ramin da aka bar masa na numfashi. Mai aiki zai zo yana kumfar baki an yi masa jinkirin gado, Yaya ya danna “jibi in Allah ya yarda”, ya sake dannawa, yana kallonsa ido cikin ido, har mutumin ya gaji ya yi dariya. In matarsa ta taso da mita, sai ya yi ta danna mata “kin yi gaskiya” har ta jefe shi da tsumma. Mun rasa hayaniyar Lasifika, amma ba mu rasa shi ba.

Ana nan sai aka fito da wata sabuwar kwamfutar hannu, mai faɗin faranti, siririya. Gari ya ɗauka. A mota ita ake zance, a wajen aski ita, waɗanda ba su taɓa ganinta ba su suka fi iya bayaninta. Masu hali suka yi layi a bakin kanti. Wanda ya samu sai ya riƙa yawo da ita a hammata ko ba abin da zai yi da ita.

Babban ɗan Yaya yana cikin waɗanda abin ya shiga ransu. Injiniya muke ce masa. Aikin ofis yake yi, amma tun da ya taɓa gyara rimot yana yaro muka naɗa shi, shi kuma ya yarda da naɗin. Yana son ubansa, wannan ba na musu. Kuma wayar Yaya ta tsufa, gilashin ya tsage, batirin ya kumbura, da roba aka ɗaure bayanta. Sai dai gidanmu muna da wata cuta: ba mu iya kyauta ba sai ta ba-zata. A ɓoye a saya, a ɓoye a kawo, a tsaya ana jiran mutum ya yi murna.

Ina gidan ranar. Yaya ya tashi daga barcin rana yana laluben wayarsa a inda ya sa ta caji, sai ga Injiniya da kwali a hannu, bakinsa har kunne.

“Baba, ka daina nema. Ga wadda ta fi ta.”

Ya buɗe, sai ga kwamfutar nan mai kama da faranti, ya kunna. Abin gwanin kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yaya ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa. Ya duba, ya ja da yatsa, ya sake ja, sannan ya ɗago ya nuna bakinsa.

“Yanzun nan zan sauko maka da manhajar muryarka,” in ji Injiniya.

Ya shiga kantin manhajoji ya rubuta sunanta. Babu. Ya sake rubutawa da wasu haruffan. Babu. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: wasannin kati, hasashen yanayi, da wata kyanwa mai maimaita abin da ka ce. Na ga murmushinsa yana raguwa.

“Ina tsohuwar wayar?” na tambaye shi.

“Na bar musu, Goggo. Ai ka'idar ke nan, ka kawo tsohuwa a rage maka. Amma an kwashe komai, hotuna da lambobi duk suna nan.”

“Muryar ubanka fa? Ita ma an kwashe?”

Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba, na ja shi muka nufi kantin, Yaya yana biye da mu da silifas ɗin wanka.

Kantin sanyi kamar firji, fitilu ko'ina, mutane sun yi dafifi a kan tebur suna shafa farantan gwaji. Mai sayarwa ya saurare mu da ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Ya shiga ciki ya fito da wayar, har an cire mata igiyar. Ya kunna, ta buɗe fes kamar ba a taɓa amfani da ita ba.

“Mama, nan take muke gogewa, don kare sirrin mai ita.”

“Sirrin wa? Ga mai ita nan a tsaye. Ka tambaye shi?”

“Ai ɗansa ne ya kawo. Kuma muryar a cikin manhajar take, ba ta cikin abin da muke kwashewa. Amma kada ki damu, manhajojin suna nan tafe. Na'urar sabuwa ce, duk wanda ya saya da wuri haka yake haƙuri.”

“In ta zo, da muryar za ta zo?”

Sai ya ce akwai wata dabarar. Ya rubuta gaisuwa a farantin ya danna, sai wata mace ta karanto da muryar hanci, ta karya kowace kalma gida biyu. Ya juyo yana murmushi, wai Baba zai iya rubuta duk abin da yake so. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Yaya ne ya riƙe mini hannu, ya girgiza kai, ya juya ya fita.

Har yau abin da ke ci mini rai ba farantin ba ne. Masu ƙera shi sun fito da ɗaki babu kayan ɗaki, sun ce a saya, wannan tsakaninsu da Allah. Abin da ke ƙona ni shi ne mutum yana kwance a ɗaki, taku kaɗan daga inda wayar take, amma ba wanda ya ga ya kamata a tashe shi a ce, Baba, za mu yi kaza. Tun da ya daina magana aka fara yanke masa hukunci a bisa kansa, a zaɓa masa riga, a amsa masa tambaya yana zaune. Wai duk cikin ƙauna.

Kwanakin da suka biyo baya maƙwabta suka yi ta sintiri, ba jaje suka zo ba, kallo suka zo. Wannan ya ce kai, ba nauyi. Wancan ya ce dubi yadda hoto ke fita tar. Wata ta ce Allah ya ba mu ɗa irin Injiniya. Yaya yana zaune yana gyaɗa musu kai. Da suka ɗauke ƙafa ya ɗora farantin a kan kanta a shago, kusa da gwangwanin ƙusoshi, ƙura ta ci gaba da sauka a kansa.

Aiki bai tsaya ba, amma ciniki ya koma na yatsu da rubuta lamba a guntun katako. Masu zuwa don hira suka ragu, don hira da Yaya yanzu kai kaɗai kake yin ta. In yana son matarsa sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ko tebur, ita kuma duk lokacin da ta ji sai idonta ya kawo ruwa. Ƙaramar jikarsa ta yi ta laluben ƙirjinsa tana neman abin dannawa, daga baya ta daina. Injiniya ya durƙusa ya roƙi gafara a gabana. Yaya ya dafa kansa ya daɗe, iyakar abin da yake da shi ke nan.

Bayan wasu watanni na je shagon a gyara mini ƙafar kujera, sai ga Injiniya ya shigo yana haki, ko jakar ofis bai ajiye ba.

“Baba, manhajar ta iso. Yau da safe suka saka ta.”

Ya sauko da farantin, ya hure ƙurar, ya jona caji. Muka tsaya muna jira har ta sauka. Ita ce kuwa, an ma ƙawata ta, akwatunan sun fi na da girma. Kowanne fari fat, ba hoto, ba komai. A tsakiya akwai jan maɓalli babba.

Yaya ya ajiye gudumarsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da bakinsa, ya danna da babban yatsa. Leɓunansa suka yi motsi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya daɗe bai saki ba. Da ya saki, manhajar ta maimaita abin da ta ɗauka: iska tana shiga tana fita ta ƙarƙashin ƙyalle, da hon ɗin wata mota a titi.

Wani rubutu ya fito, yana tambayar sunan da za a sa wa akwatin. Yaya ya juyo da farantin wajen ɗansa ya nuna rubutun da yatsa, don ya karanta masa. Injiniya ya karanta a zuci, bai kuwa iya faɗa wa ubansa abin da aka rubuta ba.