Bindigar da Ke Bayan Ƙofata

Wautata ba ta tsufa ba, ni ne kawai na tsufa na same ta. Shaidarta tana nan jingine a bayan ƙofar ɗakina a Yerimaram: bindigar toka, gadon mahaifina, a ɗure, kuma ba mai iya harba ta.

Da ita nake korar birai daga gonata ta hanyar Fika. Albarushin da na saba da shi baƙi ne, mai hayaƙi. In ka harba sai ka jira hayaƙin ya washe kafin ka ga birin yana yi maka dariya daga wata bishiyar. Ma'aunina bakin ƙahon rago ne, shi ma na tsohon.

Wata rana abokin farautata, wani Babarbare, ya zo da wani albarushi a ƙullin leda, wai daga cikin harsasan bature aka zazzago shi. Muka zuba kaɗan-kaɗan a kan fasasshen kasko, nawa da nasa, muka sa wuta. Nawa ya yi fuu, ya baƙanta mana gemu. Nasa ya ci a hankali, ba hayaƙi.

Na ce, "Wannan ai rago ne, Yaya. Ko kaza ba zai firgita ba."

Ya ce, "Kai dai rage mudu. A fili ne yake da ladabi."

Ni da ko allo ban sauke ba, sai ga ni ina fassara wuta. Da ya tafi na cika ƙahon, na ƙara rabi don tausayin raunin abin, na bi da dalma da tsumma mai kitse, na danna da ƙarfen ɗuri har kafaɗata ta amsa. Na jingine ta sai asubar Asabar.

Ranar Juma'a a masallaci na ji labarin wani maharbi na wajen Gadaka. Irin wannan albarushin ya ɗura, bututun ya tsage a hannunsa, ya bar shi da babban yatsa kaɗai. Shi ma'auni ɗaya ma ya zuba.

Bindigar toka ta baki take ci, ta baki take fitarwa. Na je wurin maƙerin unguwarmu, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Baba, nan gidan wuta ne. Kar ka kawo min ita ko bakin zaure." Na ɗura mata ruwa, ruwan ya kwana a kan kitsen ya dawo min garau. Na yi tunanin ɗaure ta a bishiya in ja kunamar da igiya daga nesa. To a ina? Shekarun rikicin nan ne da ƙarar fashewar taya ma take watsa kasuwa, kuma kowace hanyar fita gari da shingen bincike. Wane mai keke napep ne zai ɗauki tsoho da bindiga a ɗure?

Gari ya lafa daga baya, amma tsatsa ta riga ta ci bututun, ni kuma tsorona ya yi ƙiba. Na sa wa ɗakin kwaɗo, makullin yana wuyana. An yi bikin 'yar ƙanena a Fika, na je na dawo a yinin, ko tuwo ban tsaya ci ba. Lokacin zafi kowa yana tsakar gida, ni ina ciki ina gadi, ina gumi. Birai kuwa sun gaji gonar.

Mai ɗakina ta sha cewa in haƙa rami in binne ta. Nakan ce abin mahaifina ba zai shiga ƙasa ina raye ba. Rannan tana tankaɗe a ƙofar ɗakin, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, shi tsohon da ya bar maka ita, a wofi ya bar ta. Kai wa za ka bar wa a cike?"