Abokan Saratu na Cikin Waya

Farkon damina ne, ruwa ya makara, kowa a Zuru na duban sama. A shekarar nan muka rasa Saratu, ƙawata tun ajin yaƙi da jahilci. Kun san ta: waya a ɗaure a bakin zane, tabarau a kan hanci.

Tun da ta buɗe shafin sada zumunta a waya ta yi abokai, na zama saniyar ware. In na shiga gaishe ta sai ta ɗaga mini hannu. "Dakata, Maman Bitrus, likita na magana."

Wai wani Bature ne, kullum safiya sai ya rubuto, "Barka, kyakkyawa." Ni kuwa shafina daga 'ya'yana sai matar fasto, ba wanda ya taɓa ce mini kyakkyawa.

Mai gyaran waya na kasuwa ya ce mata, "Mama, waɗannan ba mutane ba ne, inji ne ke rubutawa."

Ta ce, "To, injin ya fi ka tarbiyya. Kai ka gaishe ni?"

Ran da akuyarta ta mutu ta sa hoton. Likita ya rubuto, "Kai, ya yi kyau sosai!" Na ce yau dai asiri ya tonu. Ina! Cewa ta yi, "Bai iya Hausa ba ne, kamar kakata ta Dabai. Ta'aziyya yake nufi."

Sai aka rufe shafin, wai sai ta nuna fuska, ta juya wuya, ta ƙifta ido, a tabbatar mutum ce.

"Ni matar soja zan ƙifta wa waya ido?"

Da yamma ga ta da hoda da kwalli, har ta ari ɗankwalina. Ko bikin 'yata ba ta yi wannan kwalliya ba! Na ce, "Shi likitan wa ya sa ya juya wuya?" Ta ce hassada ce. Gaskiya hassada ce.

Da ciwo ya kwantar da ita, ni na zauna gefenta ina ba ta kunu. Ta danƙa mini wayar. "Ki riƙa amsa musu, kar su ce na yi girman kai. Ke kaɗai na yarda da ke."

Allah ya ba ki hutawa, Saratu, ya haɗa ki da abokan ƙwarai.

Washegarin jana'iza na sa tabarau ɗinta, na nemo likita, na rubuta a hankali: "Ta rasu. Ni ce ƙawarta." Sannan na kashe wayar, na tafi share mata tsakar gida.