Bappa Hammajo Mai Kallon Dutse

Duk wanda ya zauna a unguwar Barade ya san kwat ɗin Bappa Hammajo, wannan ƙaton kwat na tsoffin sojoji da yake zumbulawa ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwaltar Jalingo take kama takalmi. In ka ce, "Bappa, ba ka jin zafi?" sai ya ce, "Zafin yana waje, ni ina ciki." Ni ne shugaban masu yi wa kwat ɗin nan dariya, a bayan idonsa dai.

Surukina ne, ni ke auren autarsa Dija. Kakannina 'yan koli ne daga Kano, don haka har ya bar duniya bai kira sunana ba, sai Kaɗo, wato wanda ba Bafulatani ba. Laifina guda ne. Tun kafin aure ya taɓa ganina ina tafe a titi ina gaigayar gasasshiyar masara, kuma bai manta ba.

Shekarar da na sayi tsohuwar mota da tantin gwanjo, na dinga cika baki zan hau tsaunin Mambila in kwana a fili in ba idona abinci. Bappa ya ji, ya ce da shi za a tafi, ai can ya yi kiwo yana yaro. Dija ta cika mana kwanuka da dambun nama da soyayyar kaza, sannan ta ja ni gefe.

"Don Allah kada ka ci abinci a gaban Bappa. Ko sau ɗaya ka nuna masa kana da kunya."

Na bugi ƙirji na ce an gama. Ni fa, da ko a watan azumi sai an yi ta lallashina bayan la'asar.

Kafin mu kai Bali idona ya fara ganin hanya bibbiyu. Muka tsaya a gindin wata bishiya, Bappa ya buɗe kwano ya ɗan taɓa.

"Bismilla, Kaɗo."

"Alhamdu lillahi, Bappa, a ƙoshe nake."

Ban rufe baki ba cikina ya yi wani ƙugi mai tsawo. Bappa ya juya ya dubi motar.

"Injin nan yana so mai," ya ce. Ya wanke hannu ya miƙe. "Bari in je in kalli dutse."

Ya taka can nesa, ya ba ni baya, ya haɗa hannu a ƙugu yana kallon tsaunuka. Ni kuwa na duƙa bayan mota na yi wa kazar nan aika-aika. Na goge baki ina yaba wa kaina wayo. Haka muka yi a Serti, haka muka yi duk inda aka buɗe kwano. Har a waya na gaya wa Dija ban taɓa ganin mai son kallon dutse irin mahaifinta ba.

A hawan Mayo Selbe, inda hanya take nannaɗe tsauni, motar ta fara nishi. Bappa ya ce in tsaya, ya buɗe ƙofa ya fita.

"Lafiya, Bappa?"

"Dabba ya gaji, ba a zauna masa a baya."

Ya kama hawa da ƙafa. To ta yaya zan wuce surukina in bar shi a ƙasa? Na bi shi a giya ta ɗaya, shi a gaba da sandarsa, manyan motoci a bayana suna hon, direbobi suna yi mini daƙuwa. Da hanya ta miƙe ya shigo, ya shafa gaban motar ya ce mata sannu. Ni ko kallo ban samu ba.

Muka kafa tanti a wani tudu kusa da Nguroje. Ciyawa shar har iyakar gani, shanu jajaye a warwatse, gonakin shayi can ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Sai dai ni ɗan Jalingo, da 'yar shadda mara nauyi na zo. Rana na karkatawa haƙorana suka fara kaɗawa. Bappa ya cire kwat ɗin nan ya jefo mini.

"Riƙe mini, ya yi nauyi."

Na riƙe masa shi da dukan jikina, har da maɓallin wuya.

Da safe gajimare ya sauko ya rufe tudun ruf. Motar da ke gabanmu ma ba a ganinta. Na dafa shayi, na ɗumama sauran dambu, Bappa ya kurɓa kaɗan ya miƙe.

"Bari in je in kalli dutse."

Na kai loma baki ke nan, sai na tsaya. Wane dutse? Ga shi can tsaye, tsoho cikin riga 'yar shara, raɓa na jiƙa shi, ya ba ni baya yana kallon farin banza. Kunyar da na taho nema tun daga Jalingo, a nan ta same ni, kuma ta gaske.

Can sai na ji muryarsa, bai ko waiwayo ba.

"Kaɗo, dutsen nan ya isa kallo, ko in ƙara?"

Na dubi kwano, na dubi bayansa.

"A ɗan ƙara, Bappa."

Da muka dawo Dija ta tare shi tun a zaure tana tambayar yadda na yi. Ya ce, "Wallahi idona bai ga ya ci komai ba." Ranar har da guɗa aka yi mini.

Ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, bawanka Hammajo ya tsaya cikin sanyi ya kau da kai don kada wani ya ji kunya. Ka kau da kai daga kurakuransa, Ka lulluɓe shi da rahamarka. Amin.