Anti Tafireta a Ɗakin Wankin Ƙoda

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a kotu, shi ya sa har ta yi ritaya sunan Anti Tafireta bai sake ta ba. Ofishinta wani ɗan lungu ne a bayan ɗakin rajistara, taga ɗaya, fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Duk abin da aka faɗa a gaban alƙali ta hannunta yake bi kafin ya shiga fayil: wanda ya rantse bai taɓa ganin wuƙar ba, wadda ta ce barci take yi lokacin da abin ya faru, maƙwabcin da ya ga komai ran Litinin ya manta komai ran Alhamis. Bugawa take yi ba ta ɗaga kai. Da aka kawo kwamfuta ta koya cikin sati biyu, amma suna ya riga ya zauna.

A wannan lungun ta fara karatun littattafan binciken laifi. Wani lauya ne ya manta ɗaya a kan teburinta, bangonsa ma ya cire. Ta buɗe shi lokacin hutun rana don ta kashe lokaci. A shafi na arba'in ta ce a ranta, surukin nan ne ya yi kisan. Da ta kai ƙarshe ta tarar shi ɗin ne, sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Daga ranar ba a ƙara ganin jakarta babu littafi ba. Idan ta gama, takan rubuta da fensir a cikin bangon baya shafin da ta kama mai laifi, da hukuncinta a taƙaice: "da dama-dama", ko "marubucin ya yi maguɗi", ko "wannan ya san aikinsa".

Ta gwada sauran iri, ba su karɓe ta ba. Na soyayya takan ce, maganar da mutum biyu za su gama cikin minti biyar ce ake ja har shafi ɗari uku. Na ban tsoro kuwa haushi suke ba ta, don fatalwa ba ta da dalili, kuma ba a iya yi mata tambaya. Na masu tafiya duniyar taurari ba ta taɓa wuce babi na biyu ba tare da hamma ta ci ƙarfinta ba. Ko na binciken da take so, kullum cikin faɗa take da su.

"Dubi wannan," takan ce wa duk wanda ta samu. "An tara mutane a falo, an nuna shi da yatsa, wai sai ya fashe da kuka ya ce ni ne. A ina? Ni da na buga shari'a ta fi dubu, ban taɓa ganin wanda ya amsa laifi don an yi masa dogon bayani ba."

Mijinta ya rasu 'yarsu tana firamare, ba ta sake aure ba. Ita ta riƙe yarinyar har ta yi karatu ta yi aure a nesa. Kafin nan ma ita ta riƙe ƙanenta, autan gidansu, wanda ta ba shekara goma sha huɗu. A bayanta ya yi wayo bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya girma ya zama mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, ya yi iyali, furfura ta fara fito masa, amma a bakinta har gobe Auta ne.

Shekara biyu da yin ritaya ƙafafunta suka fara kumbura. Aka yi gwaji, likita ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mata wasu lambobi, ya ce ƙodojin sun gaji. Daga nan rayuwarta ta koma ɗakin wankin ƙoda, Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu-huɗu, daga ƙarfe bakwai na safe.

Kujeru takwas ne a ɗakin, kowace da na'urarta a gefe. A bakin ƙofa akwai sikeli, a hau kafin a fara, a hau bayan an gama. Talabijin na manne a bango, ba a taɓa ƙara masa murya ba. Nas za ta soka mata allura biyu masu kauri a hannun hagu, ta manne su da filasta, jini ya bi siririn tiyo ya shiga na'ura ya dawo. Sanyi ne a ɗakin ko da yaushe, kowa da bargonsa. Abin da ya fara damun Anti shi ne ba a karanta littafi da hannu ɗaya. Ka danne shafi da babban yatsa, ya kuɓuce, littafin ya faɗi ƙasa, kuma babu halin sunkuyawa.

'Yarta ce ta aiko mata da kwamfutar hannu, ta zuba mata wasannin bincike a ciki. Anti ta taɓe baki ta ce, "Ni da tsufana zan zauna ina buga gem?" Sati guda tana cikin jaka. Ranar da ta buɗe ta, ba ta san awa huɗu sun cika ba sai da na'ura ta yi ƙara.

Wasan yakan ajiye ka a wani gida ko otal inda aka yi kisa. Ka taɓa durowa ta buɗe, ka ɗauki wasiƙa ka karanta, ka tare mai gadi ka yi masa tambayoyi. Abin da ya fi burge ta shi ne shaidu ba sa gajiya. Za ka iya tambayar mutum sau goma, ya maimaita maka kalma da kalma, ba ya canzawa don an ja shi gefe an yi masa raɗa. Abin da ke ba ta haushi kuma shi ne makullai.

"Wane mahaukaci ne zai kulle ɗakin kwanansa da wasan jera hotuna?" ta ce da ƙarfi wata rana. "Idan ciki ya murɗa masa fa?"

Mutumin kujerar kusa da ita ya yi dariya har na'urarsa ta yi kuka. Tsohon direban motar haya ne, kowa Baba Direba yake ce masa. Daga ranar ya shiga aikin. Yakan miƙo wuya ya leƙa allon, kuma ko a wane wasa amsarsa ɗaya ce.

"Kuku ne."

"Baba, babu kuku a wannan, a ofis ake."

"To ki nemo shi. Duk inda aka mutu, a tambayi wanda ya dafa."

Haka suka yi wata takwas. Ba ta lura da ranar da abin ya fara dusashewa ba. Wankin yana fitar da ruwa daga jiki, da alama yana haɗawa da wani abu. Takan dawo gida ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ba baƙin ciki take ba, ba kuma tunani ba, zama kawai. Ruwan da aka yarda ta sha a yini bai cika kofi uku ba, tun tana jin ƙishi har ta daina kula. Wasan ma tana gane mai laifi kamar da, sai dai daɗin nan ba ya zuwa. Ta gama ɗaya ta buɗe wani.

A wannan tsakanin Auta ya zo ya durƙusa a gabanta ya ce zai ba ta ƙodarsa ɗaya.

"Yaya, ke kika goya ni. Ba shawara na zo nema ba."

Ta ce a'a sau biyu, a na uku ta yarda. Aka ɗebi jininsa, aka ɗauki hotuna, aka yi ta kai da kawo wata biyu. Likita ya ce sun dace, kuma lafiyarsa ƙalau. Aka sa rana. Nas ta rungume ta, Baba Direba ya ce za a bar shi da kuku shi kaɗai.

Saura sati uku Auta ya ɗauke ƙafa. A kira shi, waya ta yi ta ƙara har ta tsinke. Sai saƙo: yana kan aiki. Ana saura kwana biyar ya zo gidan da la'asar, ya zauna a bakin kujera, makullin mota a hannunsa yana juyawa.

Ya ce ya je wani asibiti daban don ya ƙara tabbatarwa. Ran Talata ne, ƙarfe goma da kwata. Likitan dogo ne, mai gilashi, da shuɗiyar riga. Ya auna shi sau uku, har ya canza na'ura, ya ce yana da hawan jini, idan aka yanka shi ba lallai ya tashi ba. Takardar gwajin tana mota, a'a, ya bar ta a shago.

Anti tana kallon makullin. Ta buga irin wannan bayani ba adadi. Mai gaskiya ba ya riƙe launin rigar likita, kuma ba ya kawo kwata a kan ƙarfe goma sai an tambaye shi. Tsoro ne ya kama yaron, shi ke nan, yana da 'ya'ya huɗu, ƙaramarsu ko yaye ba a yi ba. Ta lalubi ranta ko za ta samu fushi, kamar mai laluben canji a gindin jaka. Babu. Ta nemi tausayi, shi ma babu.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. "Ka rage gishiri."

Ya ɗago ya dube ta, yana jiran sauran. Ta tambaye shi ko zai duba mata firij kafin ya tafi, ƙofar ba ta kamawa. Ya tashi da sauri kamar an kwance shi daga turke.

'Yarta ta kira tana huci. "Mama, ƙarya yake! Ki ba ni lambar likitanku, ni zan tona shi."

"Ki tona ki yi me da shi? Bar kawunki."

"Ke ko a jikinki?"

"Ko a jikina," ta ce, kuma gaskiya ta faɗa.

Ranar da ya kamata a yi aikin dashen ƙodar Laraba ce. Ta hau sikeli ƙarfe bakwai saura, ta zauna a kujerarta, nas ta soka allura. Wasan da take kai a lokacin na wani jirgin ruwa ne, mutum shida, an tsinci mai jirgin a mace a ɗakinsa. Tun kwana uku ta san akawunsa ne. Ta danna sunansa. Akawun da aka zana a allon ya rufe fuska ya yi ta kuka yana bayani, aka sa kiɗa, taurari uku suka fito a allo. Baba Direba ya ce, "Kai, an zalunci bawan Allah, kukun ya sha!" Ta ɗan motsa baki don kada ya ji kunya. Saura awa biyu da rabi, ta buɗe na gaba.

Bayan wata guda, ta fito ran Litinin tana dafa bango, sai ga Auta a kan bencin baranda da kayan aiki a jikinsa. Ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ran Laraba ma hanya ta biyo da shi. Tun daga nan shi ke mayar da ita gida, yau shekara uku ke nan. Yakan kwantar mata da kujerar gaba, ya kwashe sukundireba da wayoyi daga ƙarƙashin ƙafarta. Ba sa hira sosai. Baba Direba an mayar da shi layin masu zuwa da rana, sai dai su gaisa a bakin sikeli. Wadda aka sa a kujerarsa barci take yi daga farko har ƙarshe.

Sau ɗaya Auta ya taɓo maganar. Sun tsaya a danja, rana ta take, wani mai sayar da gogen gilashi yana bi tsakanin motoci. Auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Yaya, maganar likitan nan da na gaya miki..."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kana faɗa."

Sai ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ta dube shi, babban mutum da furfura a ƙeya. Ta san abin da ya kamata ta yi, ta ɗaga hannun dama ta ɗora masa a baya, ta bar shi a nan. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Abin da ta ji ke nan.

Na baya suka fara danna oda.

"An ba mu hannu, Auta," ta ce. "Ka tsaya a kemis, filastata ta ƙare."

Ya share fuska da hannun riga ya sa giya. A kemis ya fita ya sayo, har da audugar da ba ta ce ba. Ya kai ta ƙofar gida, ya riƙe mata jaka har ɗaki, ya ce sai jibi. Ta ce Allah ya kai mu, ta ce ya gaida mata yara.