Kujerar Ardo Manu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da muka gwada Buba mai sarewa a Yelwan Yawuri ba. Ku yaran yanzu kuna ce masa Baba Buba, kuna rububin ɗaukar masa jaka, amma ba ku san da ƙyar da jiɓin goshi ya fara taka dandamali ba. To ku gyara zama ku ji.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Kainji ne, ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Ma'aikatarmu ta tura ayarinmu na wasan kwaikwayo mu bi garuruwan bakin Kwara, mu yi wa jama'a wasa a kan tashin da za su yi kafin ruwa ya cinye gungunansu, wato tsibiran cikin kogi, da fadamunsu. Wasa ne mai kiɗa da waƙa da rawa, magana kaɗan ce a ciki. Shugabanmu Malam Sidi, mutum ne mai tsare gida, ba ya maimaita magana. Ni kuwa Bukar, ni ne mai kula da dandamali. Ni ke jera durom-durom in shimfiɗa katako a kai, in ɗaura labule, in jera kujerun manya a gaba da bencina a baya. Idan an fara wasa sai in tsaya bayan labule ina taɓa kafaɗar kowa in lokacin fitarsa ya yi. Ku riƙe cewa ni Babarbare ne, don zancen zai biyo ta nan.

Wasanmu na farko a Yelwa bayan la'asar muka yi shi, a filin makarantar firamare. Tun da aka fara na lura da wani dogon Bafillace tsaye jikin motarmu, sanda a kafaɗa, bakinsa na motsi tare da 'yan amshi kamar ya san waƙar. Da aka watse ina naɗe labule, sai ga shi ya kama ɗaya bakin yana taya ni.

Ya ce, “Malam, wanga aiki naku, koyo nai aka yi ko gado na?”

Na dube shi sama da ƙasa na ce, “Bafillace da wasan kwaikwayo? Koma ka bi wutsiyar saniya.”

Ya kalli tsagen fuskata ya yi dariya. “Ashe bawan gidanmu na. To saurara ka ji abin ubangidanka.”

Ya zaro sarewa daga aljihu ya busa. Wallahi labulen nan sai da na sake shi ya faɗi ƙasa. Makaɗanmu da ke ɗaure ganguna suka bar abin da suke yi suka matso.

Ashe daga wajen Ngaski ya tako da ƙafa, bayan ya ji labarinmu a kasuwa. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya. Fadamar da yake kiwo tana cikin wuraren da ruwa zai ci, shanun ma 'yan kaɗan suka rage masa. Abin da ya fi tsaya masa a rai, ya ce bai taɓa sanin ana yin waƙa ba tare da roƙo ba. Ga mutane sun yi kiɗa sun yi waƙa, ba su wasa kowa ba, ba su miƙa hannu ba, kuma hakimi da kansa yana tafa musu. Ya ce in dai haka ne, shi ya ga aikin da yake so ya mutu a cikinsa.

Na kai shi wurin Malam Sidi. Dokar ayarinmu ita ce ba a ɗaukar mutum don ya burge mu a bayan fage, sai ya fita gaban taro an ga yadda ƙafarsa za ta tsaya. Washegari ne wasanmu na ƙarshe a Yelwa, gari na wayewa kuma mota za ta wuce Kwantagora. A wasan akwai wurin da makiyayi ke ban kwana da fadamarsa, mukan wuce shi da 'yar magana kawai. Malam Sidi ya ce a ba shi wurin, ya busa, ya yi waƙarsa. In taro ya karɓa, ya shiga mota.

Ranar kuwa hakimi ya gayyato dagatai da ardo-ardon ƙasar, kujerun gaba suka cika. Saura kaɗan Buba ya fita, sai ya leƙa ta wata 'yar huda a labule. Na ga ya ja da baya ya tsuguna, gumi na karyo masa.

Na ce, “Kai, lafiya?”

Ya ce, “Malam Bukar, ban iyawa. Uban mai ɗakina na nan gaba, kusa ga hakimi.”

Ku da kuke gaisawa da surukanku hannu da hannu ba za ku gane ba. Bafillacen wancan zamani ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, in sun haɗu a hanya sai ya ratse daji. Balle ya tsaya tsakar fili ya buɗe baki yana waƙa, ido cikin ido. Na faɗa wa Malam Sidi, ya ce, “Wanda bai fita ba, bai shiga mota ba.” Raina ya ɓaci, amma na san gaskiya ya faɗa.

Na ce wa makaɗa su ja kiɗan da suke yi, kada su sauke sai na dawo. Na zagaya na fito gaban jama'a, na nufi tsohon. Ardo Manu ke nan, farin dattijo mai malfa, yana zaune kamar an dasa shi. In na faɗi maganar a fili na kunyata su duka biyun. Amma tsakanin Babarbare da Bafillace babu wadda ba a faɗa, ko a gaban sarki ne.

Na ɗaga murya na ce, “Wa ya ba bawana kujerar gaba? Ardo, tashi ka koma bayan mota ka tsare mini takalma.”

Wuri ya ɗauki dariya, har hakimi. Ardo ya ce, “A'a! Ashe har da Barebari anka loda cikin kayan motar ga?”

Na sunkuya kamar zan ƙwace malfarsa, na raɗa masa a kunne, “Akwai mai sarewa bayan labule, daga rugarka yake. Yau ce ranarsa, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.”

Tsohon ya kalli labulen. Na san abin da yake aunawa. In ya tashi ya bar wurin, ya raina hakimin da ya gayyato shi. In ya zauna, ya kashe wa mijin 'yarsa hanya. Ni kaina a lokacin ban san ko yana ƙin abin ba ne gaba ɗaya.

Sai ya miƙe ya dubi hakimi ya ce, “Ranka shi daɗe, a yi man gahwara. Ban iya kallon dandamalin da Babarbare ya kahwa, kar idona shi lalace. In dai waƙa ta, kunne ka jin ta.” Ya ɗaga kujerarsa da hannunsa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar kogi, ya ba dandamali baya. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki, a zatonsu wasan ne bai ƙare ba tsakanina da shi.

Na koma a guje na ce wa Buba ya sake leƙawa. Ya leƙa, ya daɗe yana kallon bayan tsohon nan. Na taɓa kafaɗarsa, ya fita.

Busar farko ta ɗan yi rawa, ta biyu kuwa ta miƙe. Ya sauke sarewa ya kama waƙa, rabi Fillanci rabi Hausa, yana kiran fadamar da sunanta, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya yana ce musu su sha ruwan nan su ƙoshi, baɗi a wani mashayin za su sha. Dariya ta ɗauke ɗif. Masuntan gungu da ke tsaye a baya na ga suna share ido da bakin riga. 'Yan amshinmu da ba su taɓa jin waƙar ba suka kama, jama'a suka karɓe daga bakinsu, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa idona na kan Ardo. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma babban yatsan ƙafarsa na bin kiɗan a cikin ƙasa. Daɗi ya kama ni har na manta ban taɓa kafaɗar mai fita na gaba ba.

Malam Sidi ya matso kusa da ni ya ce, “A nemo masa riga daidai tsawonsa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da aka tashi na raka Ardo bakin hanya, na ce, “To bawana, yaya ka gani?”

Ya ce, “Mi ni gani? Ruwa ni gani.” Ya ɗan yi gaba, sannan ya tsaya. “Wanda yab busa abin ga, ko wane na, ka ce mishi iyali nai na hannuna, shanu nai na cikin nawa. In kuwa kunka bar shi da yunwa, ni da kai na.”

Da safe muna loda kaya sai ga ƙwaryar fura da nono daga rugarsa, wai a ba Babarbare ya san daɗin abinci. Duk ayari muka sha, Buba ne kawai ya ƙi ko kallon ƙwaryar.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, aikin mai kula da dandamali bai tsaya a katako da labule ba. Ka san wa ke zaune a gaba, ka san me ke tsakaninsa da wanda za ka tura waje. Bayan nan mun sha komawa Yawuri da wasa, kuma duk zuwan da muka yi sai Ardo Manu ya zo. Tun ina jera kujeru nake juya tasa ta dubi kogi, ya zo ya zauna. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ganin Buba a kan dandamali ba, kuma babu waƙarsa ɗaya da ta wuce shi.