Idon da Ruwa Ya Cinye

Ina zaune ina jiran a fito min da hoton fasfo, amma hankalina yana kan matar da ke gyaran hotuna a kusurwar shagon. Ta ba hamsin baya, tabarau ya zamo mata zuwa karan hanci, faratanta duk sun rine. Ina jin ta daɗe tana wankin fim a ɗakin duhu kafin sana'ar ta koma kan kwamfuta, ita ma ta tattara ta bi ta.

Wani magidanci yana tsaye a gefenta. Hoton mahaifiyarsa ya kawo, shi ke nan gare shi, kuma ruwa ya cinye rabin fuskar. Tana faɗaɗa hoton tana cire tabo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Da ta iso idon hagu, inda babu komai sai fari, sai ta dakata.

"Yaya idanunta suke, ɗana?"

"Ban sani ba, Inna. Ina goye ta rasu."

Ta dubi idon daman da ya tsira, ta ɗago ta dube shi.

"Sunkuyo nan. Ban da ƙiftawa."

Ya sunkuyo kamar yaro a gaban likita. Ta daɗe tana kallonsa kafin hannunta ya koma kan aiki, tana leƙen fuskarsa tana zanawa.

"Ba sai na ƙaga ba," in ji ta. "Ai ta bar maka su."

Mutumin ya jawo kujera ya zauna dab da ita, ya daidaita fuskarsa wajen haske, bai sake motsi ba.